Aikin da aka tsara a Windows ya ƙi buɗuwa a Mac: yaya kuka yi da naku?

Malamar Firamare, Zariya

Assalamu alaikum. Ina da ɗan littafin koyon karatu na yara da na tsara da Microsoft Publisher a kwamfutata, da hotuna da wasannin haɗa kalmomi. Maɗaba'ar da za ta buga mini a Kaduna take, mai tsara musu shafuka kuma da Mac yake aiki. Ya ce fayil ɗin .pub ba zai buɗu a wurinsa ba, domin ba a taɓa yin Publisher na Mac ba. Ga shi kuma Microsoft ta sanar cewa a watan Oktoba na 2026 za ta daina manhajar gaba ɗaya, ni kuwa duk takardun makarantarmu a cikinta suke. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya fita.

Baba Mai Ɗab'i, Fagge

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayi mutumin abu guda tukuna: bugawa kawai zai yi, ko zai taɓa rubutun? In bugawa ce, ba ya buƙatar .pub ɗinki ko kaɗan. Ki fitar da PDF daga cikin Publisher ɗin, ki zaɓi ingancin da aka tanada don maɗaba'a, ki tabbatar font ɗin ya shiga cikin fayil ɗin. Ana dubawa: ki buɗe PDF ɗin a Acrobat Reader, ki shiga Properties, ki danna Fonts, kowanne ki ga an rubuta Embedded a gabansa. Hoton da ya kai bakin takarda kuma ki bar masa rarar milimita 3, saboda wuƙar yanka ba ta sauka daidai kullum.

Zancen daina manhaja kuwa, mun gani da idonmu. Da manhajar tsara shafuka ta PageMaker muka yi shekaru muna aiki, samfurinta na ƙarshe shi ne na 7, na 2001. InDesign, manhajar da ta gaje ta, ta ci gaba da buɗe fayilolinta har zuwa samfurin CS6, daga nan sai aka cire. Ina da littattafan mutane da yanzu sai na kunna wata tsohuwar kwamfuta da na ajiye a lungun shago kafin in gan su. Kada ki jira. Kowace takarda ki fitar mata da PDF, ki kuma kwashe rubutun zalla ki ajiye a Word, hotunan a jaka daban.

Mai Buga Rubutu, Sakkwato

Malama, tunda littafin Hausa ne, abin da ya fi ba ni tsoro haruffa masu lanƙwasa ne. Wani dattijo ya kawo mini diwanin waƙoƙinsa da aka buga masa a kwamfuta tun da daɗewa, da irin tsofaffin font ɗin nan na Hausa da aka yi kafin Unicode, wato tsarin bai-ɗaya da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ta yaɗu. Yadda suke aiki shi ne an zana ƙ ko ɗ a gurbin wata alama ta daban. A fuska ka ga ƙ, amma a cikin fayil ɗin wani abu ne can. A kwamfutar da ke da font ɗin komai lafiya lau. Da muka buɗe a wata, sai ga baka-biyu da sanduna a tsakiyar kalmomi, ƙasa ta koma wata alama da "asa" a bayanta, baiti bayan baiti. Dattijon ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce shi dai ba haka ya rubuta ba.

Gyaran bai yi wuya ba, haƙuri yake so. Na gano alamar da ke tsaye a madadin kowane harafi, ƙarami da babba, na yi amfani da Find and Replace na Word na musanya su da haruffan Unicode na gaskiya, na kunna Match case don kada Ƙ ta gauraya da ƙ. Sannan na sa font mai ɗauke da su. Charis SIL da Andika kyauta ne, suna aiki a Windows da Mac da Linux, Andika ma musamman don masu koyon karatu aka zana ta, za ta dace da yaranki. Gwaji mai sauƙi: ki kwafi jimla ɗaya daga littafin ki manna a WhatsApp. In ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, rubutunki Unicode ne.

Ɗan Damagaram

Haka ne, yaya. Mu a Nijar da ƴ muke rubutawa inda kuke sa 'y, kuma akwai font da yawa masu ƙ da ɗ amma babu ita, sai a ga ɗan akwati fari a wurin. A saka ta cikin gwajin. Ni da Linux nake aiki. LibreOffice Draw tana buɗe .pub, Scribus ma tun daga samfurin 1.5, dukansu kyauta ne kuma akwai na Mac. Na buɗe wata ƙasida da su, rubutu da hotuna sun zo, amma akwatunan rubutu sun goce, wasu layuka sun tsallaka shafi na gaba. Don ceto abin da ke ciki suna da amfani. Tsarin shafi kam sai an sake zama a kai.

Mai Kalanda, Kantin Kwari

Mu nan CorelDRAW ce abincinmu. Matsalarmu ba ta Mac ba ce sosai, don tun 2019 akwai Corel na Mac. Samfuri ne: wanda ke da tsohon samfuri irin X7 ba zai buɗe aikin da aka ajiye da sabuwa ba, sai an zaɓi tsohon samfuri wurin ajiyewa. Kafin in kai aiki ina zaɓar komai in danna Ctrl+Q, rubutu ya koma zane, babu ruwana da font ɗin wani. Filashin da za a kai aiki da shi kuma a yi masa format da tsarin exFAT, wanda Windows da Mac duk ke aiki da shi. Mac yana karanta NTFS, wato tsarin Windows, amma ba ya rubutu a kai.

Hajiya Mai Littattafan Islamiyya, Kaduna

Ƙanena, Ctrl+Q ta kalanda ce da katin biki. A littafi ba na yarda da ita. Rubutu in ya koma zane ba a iya gyara ko wasali ɗaya, fayil ya yi nauyi, ƙananan haruffa kuma sukan yi kauri a takarda. Mun taɓa samun aya da aka sa fataha a gurbin kisira, mai aikin ya kawo zane kawai, ainihin fayil ɗin ya ɓata, dole muka sake buga shafin daga farko. Wanda zai yi haka ya ajiye kwafin da rubutunsa ke nan da rai.

Masu haɗa Larabci ko ajami da boko su ƙara kula. A InDesign sai an kunna World-Ready Composer, in ba haka ba haruffa su rarrabu su kuma juya ta hagu. Don ajami muna amfani da font ɗin Alkalami ta SIL, wadda aka zana a kan salon rubutun hannu na Kano. Malama, in mutumin ya ce lallai sai ya sake tsara littafin a InDesign, ki ce ya ba ki aikin ta hanyar Package. Zai fito da jaka ɗaya mai hotunan da font ɗin da fayil na IDML, wanda tsofaffin InDesign tun daga CS4 da Affinity Publisher duk suna buɗewa. Kuma kada ki bari a yi farantin ɗab'i sai ya buga miki kwafin gwaji a takarda kin karanta da kanki.