Don Allah a taimaka da Hausar "alƙuwa assa'ida" kafin isha'i

Ɗalibin Madina: Salamu alaikum jama'ar gida, ina da gaggawa. Akwai gidan rediyon da nake tura wa rahoton minti huɗu duk mako, na wannan karon kan yarjejeniyar tsaron nan ne da Saudiyya da Pakistan suka sa wa hannu a Riyad ranar 17 ga Satumba 2025, wadda ta ce wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan. Sharhin da nake tsakuro bayani a ciki na Larabci ne, mutumin sai maimaita alƙuwa assa'ida yake kamar wuridi, yana nufin irin su China da Indiya da Turkiyya da Brazil har Saudiyyar ma ya jefa ciki. Na rubuta "ƙasashe masu tasowa" sai na tsaya, don mai sauraro a Kano in ya ji haka da Nijar da Chadi da mu kanmu zai ɗauka nake. An yi la'asar yanzu, kafin isha'i zan naɗi murya in tura. Atta'awunul amni al'iƙlimi kuma na sa "haɗin gwiwar tsaron yanki", in da gyara a faɗa.

Direban Jidda: manyan gobe kawai

Ɗalibin Madina: Yaya ai yara ake ce wa haka, in kira China yaro a rediyo a yi min dariya

Tsohon ɗan jarida, Riyad: Na biyun naka ya yi, bar shi haka, yanki ya fi shiyya a nan don shiyya ta riga ta tafi wajen siyasar Najeriya. Na farkon kam ka yi daidai da ka tsaya, masu tasowa an ba wa talakawan ƙasashe tun zamanin da muke shiga aiki, ba ta karɓuwa. Mu da "manyan ƙasashe masu ƙarfin faɗa a ji" muke kiran su Amurka, to waɗannan ka ce "sabbin masu faɗa a ji". Ka ga a Maris 2023 China ta zaunar da Saudiyya da Iran a Beijin suka maido hulɗar da ta tsinke tun Janairun 2016, wannan ai ta faɗa ne an ji.

Direban Jidda: ko ƙasashe masu tashe

Tsohon ɗan jarida, Riyad: Tashe na mawaƙi ne ɗana, bana shi baɗi wani.

Malam Mai Nahawu: Ku yi haƙuri duk abin da kuke kawowa jimla ce ba kalma ba. Balarabe ya faɗi abu da kalma biyu mu sai mun jero biyar, wannan ragwanta ce ba talaucin harshe ba. Muna da awo a Hausa mai ƙarewa da au, mantau mai yawan mantuwa, jimrau mai jimiri. To daga ƙasaita mu ce ƘASAITAU, ƙasar da ke kan hanyar ƙasaita. Ku duba ma da kyau kalmar ƙasa tana kwance a cikinta. Na daɗe da ƙirƙirar ta ina jiran ranar da za a buƙata, ga ranar ta zo.

Direban Jidda: Malam wannan kamar sunan maganin basir da ake tallarsa a tasha

Malam Mai Nahawu: Haka aka yi wa kowace sabuwar kalma dariya kafin ta zauna.

'Yar Mai Wurno: Ni dai a wajenmu in ana hira duwal sa'ida muke cewa kowa ya gane, ko ka ce dauloli masu hawa. Daula ai Hausa ce yanzu. Amma ni ba wannan ya dame ni ba, haɗin gwiwar nan da kuka wuce da sauri ita ce ta tsaya min a wuya. A Janairun 2020 aka kafa majalisar ƙasashen Bahar Maliya a Riyad, ƙasa takwas har da Sudan da Masar da Jibuti da Yaman, an ce tsaron teku da maƙwabtaka. Yaƙi ya ɓarke mana a Sudan 15 ga Afrilu 2023, a watan Mayu aka sa hannu a takardar tsagaita wuta a nan Jidda, Saudiyya da Amurka na tsakani, ni da yarana a jirgin ruwa muka tsallako daga Bur Sudan da jaka biyu da tukunyar da uwata ta ba ni, har yau tukunyar tana nan Jidda tare da mu. In ka ce haɗin gwiwa a kunnena kamar ka ce an riga an haɗa ɗin ne. Ka ce alkawarin tsaron juna ko wani abu da ke nuna magana ce tukuna.

Ɗalibin Madina: Allah ya kawo ƙarshen abin Hajiya, ya mayar da ku gida lafiya. Maganarki ta shige ni, inda nake maganar ita yarjejeniyar zan ce alkawarin tsaron juna.

Malam Mai Nahawu: Amin. Sai dai Hajiya da girmamawa, duwal sa'ida ba Hausa ba ce, kuma matsalar Hausar Sudan ke nan, rabi Larabci rabi Hausa, mutum ya yi magana sai ka nemi tafinta. Ba za mu gyara ɓaraka da ɓaraka ba.

'Yar Mai Wurno: To fa. Malam kakannina tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka taho bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, a ƙafa, suka zauna bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, fiye da shekara ɗari muna tsakiyar Larabawa ba mu yar da harshen ba. Kakata tana da kalmomin da in ta faɗa ɗan Kano na yau sai ya buɗe ƙamus. Ku da ba ku je ko'ina ba kuna cewa mota da fanka da asibiti da gwamna, mu ne masu gauraye?

Bazindire a Makka: Faɗa masa Hajiya. Hausar Kano ba saukakkiya ba ce daga sama. Mu ma in muka ce lakwal ko mushe sai a yi ta mana dariya kamar makaranta da malam ɗin daga bakin Bayajida suka fito

Malam Mai Nahawu: Ban ce Kano ba, na ce daidaitacciyar Hausa.

Bazindire a Makka: wa ya daidaita ta, a ina aka zauna

Tsohon ɗan jarida, Riyad: Malam ka duba Hausar da ake labarai da ita ka cire siyasa da daula da hukuma da mulki da sharhi da jarida da lokaci, duk na Larabawa ne, ka ga abin da zai rage maka ka yi rahoto da shi. Aro ba laifi ba ne, sharaɗin kawai mai sauraro ya gane. Duwal sa'ida a Gadarif ta Sudan za a gane, a Gumel ba za a gane ba, ƙasaitau kuwa ko a gidanka sai ka yi bayani.

Ɗalibin Madina: Jama'a an kira magariba fa, don Allah a dawo kan magana

Baban Shari Mansur: Yaro na sa jikana ya karanta min duka. Ni shekarata arba'in da wani abu a garin nan, ba ni da boko amma ina da tambaya ga mai cewa sabbi. Turkiyya ce sabuwa? Kai da ke Madina ka fita Anbariyya ka ga tashar jirgin ƙasan da suka gina, a 1908 jirgin ya iso daga Sham, mutanen da suka riƙe Makka da Madina wajen shekara ɗari huɗu. China kuwa ba a ma magana. Waɗannan ba sabbi ba ne, attajiri ne da ya karye ya sake miƙewa, kuma irin wannan ya fi sabon kuɗi iya lissafi. Ni abin da na gani suna yi sunansa raba ƙafa. Mun san shi a kasuwa, ba ka ba dillali ɗaya duk kayanka.

Tsohon ɗan jarida, Riyad: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, wallahi ka ba yaron nan rabin rahotonsa. Manufar harkokin wajensu ke nan gaba ɗaya. Turkiyya tana ƙungiyar tsaro ta NATO tun 1952 amma ta sayi makaman kakkaɓo jirage na S-400 a hannun Rasha, aka kawo a 2019, Amurka ta fitar da ita daga shirin jirgin yaƙi na F-35, ba ta bar NATO ba ba ta mayar da kayan Rasha ba, ga sansaninta a Mogadishu tun 2017, shekarar da China ta buɗe nata a Jibuti, ga jiragenta marasa matuƙi har Nijar da Mali. Indiya tana zama da Amurka da Japan da Ostareliya a ƙawancen nan na mutum huɗu, tana ƙungiyar BRICS tare da China da Rasha, tana sayen man Rasha. Saudiyyar da muke ciki makamanta yawanci na Amurka ne, babbar mai sayen manta China ce, yanzu ga Pakistan. Da can 'yan ba-ruwanmu aka ce wa su Nehru na Indiya da Nasir na Masar da Tito na Yugoslabiya da suka taru a Belgired a 1961, na yanzu kuwa da ruwansu a ko'ina.

Direban Jidda: 'yan da-ruwanmu ke nan

Bazindire a Makka: wannan ta fi ƙasaitau wlh

Malam Mai Nahawu: Raba ƙafa hali ne ba suna ba. An tambaye ku sunan mutum kuna faɗin ɗabi'arsa. Kuma tana da ƙanshin zargi, kamar munafunci, ɗan jarida bai kamata ya yanke hukunci da kalma ba.

'Yar Mai Wurno: A nan dai Malam ya yi gaskiya, ko da yake bai ba ni haƙuri ba tukuna.

Malam Mai Nahawu: Ki yi haƙuri Hajiya, ba kakanninki nake nufi ba.

Ɗalibin Madina: To ga yadda na rubuta, ku duba da sauri ina hanyar Harami. "Ƙasashen da ƙarfinsu ke ƙaruwa har sun fara faɗa a ji, irin su China da Indiya da Turkiyya, ba sa son a ɗaure su a gindin babba ɗaya, shi ya sa suke raba ƙafa." Sau ɗaya zan faɗi dogon a farko, daga nan in riƙa cewa "masu neman faɗa a ji". Na cire sabbi saboda Baba.

Tsohon ɗan jarida, Riyad: Neman ta rage wa China daraja amma ga Brazil da Turkiyya ta yi. Tura haka.

Malam Mai Nahawu: Kalma goma inda ɗaya ta isa. Ba komai, amma ka sa ƙasaitau ko sau ɗaya ne ka ga ko masu sauraro za su kira waya.

Ɗalibin Madina: Malam minti huɗu ne kacal. Af, ga wata ta ɓullo a sakin layi na ƙarshe, ta'addudul aƙɗab, wato duniya ta daina zama a hannun babba ɗaya ko biyu

Baban Shari Mansur: Duwatsun murhu. Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya.

Bazindire a Makka: murhu uku ne Baba, su kuma sun fi biyar

Malam Mai Nahawu: Wannan ina da kalmarta ita ma, ku ba ni minti biyu in duba littafina.

Ɗalibin Madina: An tada iƙama. Na yanke sakin layin gaba ɗaya, sai mako mai zuwa.