Shawarwari ga mai son shugabantar gundumar makarantu a Amurka

Da aka zauna kan batun masu jan ragamar makarantun gwamnati a Amurka, inda gundumomin makarantu, wato yankunan da kowanne ke tafiyar da makarantunsa a ƙarƙashin shugaba ɗaya, suka kai kusan 13,000, shawarar da ta fi rinjaye ita ce mutum ya fara daga aji. Galibin shugabannin nan alli suka fara riƙewa, suka zama shugabannin makaranta, sannan suka koma ofishin gunduma. Masu wannan ra'ayi sun ce malamai ba sa sakin jiki da wanda bai taɓa tsayawa gaban ɗalibai ba.

Wasu sun ja da haka. Sun kawo misalin Joel Klein, lauyan da ya riƙe makarantun birnin New York daga 2002 zuwa 2010 ba tare da ya bi waɗannan matakai ba. Gaskiya ne, amma irinsa tsiraru ne, kuma magajin gari ne ya naɗa shi, ba hukumar makarantu ba.

An fi daɗewa kan niyya. Mai zuwa don albashi ko suna, in ji su, ba ya jimawa, domin aikin ya fi karkata ga kasafin kuɗi da siyasa fiye da koyarwa. A yawancin gundumomi zaɓaɓɓiyar hukumar makarantu ce ke ɗaukar shugaba, ita ce kuma ke sallamarsa, don haka aka ce ya san halin mambobinta kafin ya sa hannu a kwantiragi. Ya kuma fahimci harajin gidaje da filaye, tunda kaso mai tsoka na kuɗin makarantu daga nan yake fitowa.

Mata kuwa, su ne mafi yawan malamai amma 'yan kaɗan ne a wannan kujera. An shawarce su da su nemi gogaggen da zai yi musu jagora tun da wuri.