Neman kalma: me za a kira mastaitis da Hausa?

Mai Fassara, Gwale: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 10 zan miƙa fassarar takardar wayar da kan masu jego, ta makon shayarwa na duniya da ake yi 1 zuwa 7 ga Agusta. Kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, mastaitis, sunan Turanci na ciwon nan da ke kama maman mai shayarwa. Na rubuta "ciwon nono", na goge. A agaza.

Nas, Fagge: Gara da kika goge, Anti. A bakinmu nono shi ne gaɓar, shi ne kuma ruwan. Kina cewa ciwon nono, kakar yaro za ta ce nonon ne ya lalace, a cire jariri. Kwanan baya aka kawo mana wata, ba ta yi arba'in ba, mama ɗaya ya yi tauri, ya ɗau zafi rau, ga zazzaɓi da rawar ɗari. Kwana uku suna ɗura wa jaririn ruwa da madarar gwangwani. Ya zo da gudawa, maɗiga ta faɗa. Alhali ruwan nonon ba ya cutar da shi, sai dai ya ɗan yi gishiri-gishiri har yaro ya riƙa ƙin sha. Tsotson ma shi ke rage cunkoson. Ni dai "kumburin mama".

Malamin Hausa: Kumburi ya yi faɗi. Hangum kumburi ne, maruru ma haka. Suna ake so, ba bayani ba. Na daɗe da ƙirƙirar "ƙunarmama", a haɗe.

Nas, Fagge: Allah ya gafarta Malam, macen da ke wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma ka ce mata ƙuna? Cewa za ta yi ganyen wanka ne ya ƙone ta.

Malamin Hausa: Haka kuke yi kullum. Bature ya ƙago ku haddace, Bahaushe ya ƙago ku yi dariya. Sanƙarau da farankama, daga asibiti suka fito?

Ɗan Kurna: To a bar shi mastaitis mana, kamar yadda aka bar taifot.

Malamin Hausa: Ka ji irinta.

Basakkwace a Kano: Ku Kanawa ma wa ya ce "mama" taku ita ce Hausa? Yaro na kiran uwarsa Mama, ku kuma kuna kumbura ta.

Ɗan Kurna: Sai ka kawo taku mu gani.

Ungozoma, Yakasai: 'Ya'yana, ku bar wannan. Abin da nake tsoro daban ne. Mace ta ji "mama" da "kumburi", zuciyarta sai ta tafi kan sankara, ta ɓoye don tsoron yanka, har wurin ya tara mugunya. Ku sa shayarwa a ciki, ta san na jego ne, yana warkewa. Kuma ku faɗa mata mafarinsa: yaro bai kama da kyau ba, kan nono ya tsage, ko ruwan ya kwana bai fita ba. In zazzaɓin ya wuce kwana ɗaya ko biyu, asibiti, akwai maganin da ake sha ba tare da an yaye ba.

Mai Fassara, Gwale: Na gode, Inna. Na sa "kumburin mama na shayarwa" a kanun, a ciki kuma "kumburin mama" kawai. Ya yi tsawo, layin ya ƙi shiga sai da na rage girman rubutu.

Malamin Hausa: Kalma huɗu a madadin ɗaya. Ba komai, ki miƙa. Amma a ƙasan shafi ko da ƙanana ne a sa "ƙunarmama".

Mai Fassara, Gwale: Babu wuri, Malam.