Mi Anka Ce? Musayar Waƙa a Kan Karin Harshenmu

Ƙanwa daga Mabera, Sakkwato, aji ɗaya a jami'a:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan rabona da ɗaga hannu a aji. Mai amsawa ya riƙe mini amsa-amon "ya".

Ranar Talata cikin ajinmu,
Na ɗaga hannu gaban malaminmu,
Na ce, "Mi anka ce?" da karin gidanmu,
Sai aji ya kece da dariya.

Wata a baya ta kwaikwaye ni,
"Munka, sunka," tana nuna ni,
Ga zafin Afrilu, gumi ya jiƙe ni,
Na zauna hawaye yana tsiyaya.

Yanzu da dare in an ɗauke wuta,
Fitilar waya nake kunna ta,
A bayan littafin lacca nake rubuta
Abin da bakina ya ɓoye wa duniya.

Yaya daga Runjin Sambo, aji huɗu:
Ƙanwata, share hawayenki,
Harshen da kika sha a nonon uwarki
Ba tabo ba ne, shi ne gadonki,
Kar ki kife shi cikin tukunya.

Nana Asma'u nan ta yi zamanta,
Larabci, Fillanci, Hausa ta rubuta,
Jaji ta haddace, malfa a kanta,
Ta kai wa 'yan taru ba gajiya.

Jaji ita ce malamar da Nana Asma'u ke aikawa ta koyar da mata, 'yan taru kuwa su ne matan da ke taruwa don karatun. A 1864 Nana Asma'u ta rasu, kabarinta yana Hubbare kusa da na mahaifinta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ki je ranar Juma'a ki yi mata addu'a. Ni can na tafi lokacin da aka yi mini irin wannan, na dawo da ƙarfin zuciya.

Bakano a Dundaye:
Yaya, ki ba ni wuri in faɗi laifina. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nake, wadda aka kafa a 1975, takenta "Iƙra'a". Karatu na zo yi, amma dariya na fara.

Ran da na sauka daga kabu-kabu,
Na ji "lahiya lau" a bakin mai shago,
Na yi dariya har da riƙe ciki,
Yau in na tuna sai in ji kunya.

Abokin ɗakina Basakkwace ne,
Da zazzaɓi ya kwantar da ni shi ne
Ya dama kunu ya ce, "Tashi ka sha wanga,"
Daga ranan na bar yi masa dariya.

Ku yi haƙuri da baitina, layukan ciki sun ƙi haɗuwa.

Ɗalibin Hausa daga Arkilla:
Ina tare da ku, sai dai wuri guda. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano ta fi ginuwa, kuma ita ake nema a takarda.

Ƙanwa, ran jarrabawa ki kiyaye,
"Suka" za ki rubuta, "sunka" ki ajiye,
Amma a baki da waƙa kar ki ɓoye,
Nan babu mai jan biro ja ko ɗaya.

Ƙanwa daga Mabera:
Yaya, na gode. Malam na Arkilla, na riƙe. Bakano, Allah ya saka wa abokin ɗakinka.

Na ji abin da kunka hwaɗa mani,
Gobe ƙarhe takwas lacca na jira ni,
Layin gaba za ni zamna, ku gan ni,
In ɗaga hannu in yi tambaya.