Dan Allah a ba ni shawara kan gwajin PD-L1 da aka ce a yi wa Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba aka gano yana da kansar huhu, likita ya ce sai an duba wani abu wai PD-L1 a ɗan naman da aka ciro, in yana da yawa za a iya yi masa allurar da ke sa garkuwar jiki ta yaƙi kansar. Kuɗin allurar wlh ba na wasa ba ne, shi ne yayyena ke cewa tunda maganar garkuwa ce mu sayi maganin ƙara garkuwar nan da ake talla mu huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba, masu sani ku taimaka.

Wani ɗan uwa:
Wa alaikumussalam, Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar uwa ku rabu da maganin tallan nan. Ƙwayoyin garkuwa da ake ce wa T sukan je har inda kansar take, su saki wani furotin interferon gamma, shi ke sa a gane ƙwayar kansa a kai mata farmaki, amma kuma shi dai ke sa kansar ta fito da PD-L1 a jikinta, wannan kuwa da ya haɗu da PD-1 na jikin ƙwayar T sai ta tsaya cak kamar an taka mata birki. Allura irin pembrolizumab birkin take sakewa, kafso ko jiƙo ba sa wannan aikin. Tasuku Honjo na Japan ne ya gano PD-1 a 1992, shi da James Allison na Amurka suka samu kyautar Nobel a 2018.

Wata nas:
Gaskiya ya faɗa. Amma ku sani ba kowa allurar take yi wa aiki ba ko da gwajin ya kai kashi 50 cikin 100 da likitoci ke dubawa. Ta jijiya ake sa ta duk sati 3 ko 6, kuma garkuwar in ta tashi takan taɓa hanji, hanta, huhu ko maƙoshi, in kun ga gudawa ko numfashi ya ƙara tsanani kar ku jira, ku koma asibiti a ranar.

Wata 'yar uwa:
Ki tambayi likitan ko an yi gwajin EGFR, wato duba wani canji a ƙwayar halittar kansar, in akwai canjin maganin haɗiya ake fara bayarwa ba allurar ba. Duk abin da Baba ke sha na gargajiya ma ku faɗa masa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu zan tura wa Yaya ya karanta kafin mu koma wajen likita.