Wa ya san tai chi a nan Damagaram? Muna so mu fara ma tsofaffinmu

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nike nema. Babanmu ya ba 65 baya, yana da tansiyo (hawan jini) ga gwiwa ta fara gardama, watan jiya yana fitowa daga masallaci da asuba ƙafa ta harɗe mishi ya faɗi, Allah ya tsare ba karaya amma tun ran nan tsoro ya shige shi, mutumin da ke takawa har kasuwar Dole yanzu ko bakin layi sai an riƙe shi. Lokotoro ya ce ya riƙa motsa jiki. To wane iri? In ka ce sipor a garin nan sai ƙwallo ko ɗaga ƙarfe irin na samari, tsoho ina zai iya wannan. Sai na ga bidiyon tsofaffin Sin cikin wani lambu suna motsi a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa, wai tai chi. Na gwada mishi, shi da abokan fadarshi su 6 sun ce za su gwada in a tare ne. Shin yana da amfani da gaske? Ana iya koyo ba malami? Kuma ɗaya cikinsu ya ce a bincika tukuna kar a je bautar wani abu ce.

Na Hanyar Tanut:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara ma baba lafiya. Ni na yi aiki wajen matatar mai ta Soraz shekarun farko bayan an buɗe ta a 2011, akwai wani dattijo ɗan Sin da kullum kafin rana ta fito yana nan bayan ɗaki yana yin abin nan shi kaɗai, da farko dariya muke, daga baya na roƙe shi ya koya mini, ba mu jin yaren juna da hannu kawai yake gyara mini tsayuwa. Asalinshi dabarar faɗa ce, daga wani ƙauye Chenjiagou a lardin Henan, gidan su Chen, sai wani Yang Luchan ya koya can ya kai shi Beijin, salon Yang ɗin shi ya fi yaɗuwa don ya fi taushi. A 1956 hukumar wasanni ta Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24 saboda kowa ya iya, wajen minti 6 an gama. Shi za ku nema a YouTube, ku sauke bidiyo guda ku tsaya kanshi, kar yau wannan gobe wancan sai ku rikita tsofaffi.

Amma kar ku ce za ku haddace 24 a wata ɗaya. Sati biyu na farko tafiyar kaɗai ta isa: ka ɗan lanƙwasa gwiwa, nauyinka duk ya koma ƙafa guda, ka ɗaga ɗayar ka aje diddige tukuna sannan tafin, sai ka zuba nauyin a kanta sannu sannu kamar mai juye kunu daga kwano zuwa kwano bai so ya zube. Sirrin ke nan wallahi, hannuwan ado ne daga baya. In sun saba sai ku ƙara wanda ake ce ma hannun gajimare, shi tsofaffi suka fi so. Malami ya fi, ba musu, amma tunda babu, kai ka fara koya da dare ka tsaya gabansu da safe.

Malamar Asibiti:
Yayana na sama ya yi bayani, bari in ƙara ta gefen lafiya. Maganar faɗuwa ita ce inda tai chi ya fi suna. An yi bincike a Atlanta ta Amurka aka fitar a 1996, tsofaffin da suka yi shi haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu kusan da rabi. A 2016 kuma a Boston an gwada shi kan masu ciwon sanyin gwiwa sati 12, sauƙin da suka samu ya yi daidai da na waɗanda aka yi ma gashi a asibiti. Dalili ba ɓoyayye ba ne, cinya na ƙarfi, jiki na koyon sanin inda ƙafa take ko ba a duba ba. Hukumar lafiya ta duniya ma ta ce wanda ya kai 65 ya yi atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a sati.

Roƙona guda, don ina ganin haka wajen aiki kuma yana ci mini rai: kar baba ya ji dama-dama ya aje maganin tansiyo. Sipor na taimakawa amma bai maye ƙwaya. A riƙa aunawa. Gwiwa kuma ta bi inda yatsun ƙafa suka dosa, kar ta karkata ciki, kar su duƙa sosai irin na bidiyo. Wanda ya ji jiri ko ƙirji ya riƙe ya zauna nan take. Ku aje kujera ko ku yi kusa da bango, ku share tsakuwa, kuma silifas ba su yi.

Dattijon Zango:
Ɗana, tambayar abokin babanka tana bisa hanya. Gaskiya ne abin yana da alaƙa da falsafar mutanen Sin ta da, amma abin da ake yi don lafiya ba sujada, ba kiran sunan kowa, ba wani karatu, numfashi ne da taka ƙafa. In bidiyon ya zo da kiɗa ku kashe sautin. Wanda zuciyarshi ba ta kwanta ba ya kai ma limaminku ya gani da idonshi, kar ku tilasta mishi.

Maman Biyu:
To mu mata fa? Innarmu ta fi kowa buƙata, sujada ma a zaune take yi. Mu matan adashenmu tsakar gida muke da niyya, in kun samu bidiyo mai kyau ku turo.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya zan turo miki yau da dare in konekisiyo ta yarda. Mun tsaida Litinin, Laraba da Asabar bayan asuba kafin rana ta yi zafi, minti 20, filin bayan gidanmu, in ƙurar hunturu ta taso mu shiga zaure. Malama na gaya ma baba maganar ƙwaya ya ce ya ji. Yaya na hanyar Tanut, in kana gari ran Asabar don Allah ka biyo ka duba mana tsayuwar ko sau ɗaya ne, shayi na wuyana.

Na Hanyar Tanut:
In sha Allah ina nan tafe. Ka ce su sa wando mai sakewa, su aje babbar riga don ina so in ga gwiwoyinsu.