Muhawara: Shin Gabapentin Toshe Ƙofar Kalsiyam Yake Yi?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. A takardar darasinmu an sa gabapentin, maganin ciwon jijiya, cikin magungunan da ke toshe ƙofar kalsiyam, wato mashigar da sinadarin kalsiyam ke bi ya shiga ƙwaya, a jijiyoyin jin zafi. Ni dai na yarda, tunda a jikin ƙofar yake kamawa.

Malama: Wa alaikumus salam. Ɗana, wane ɓangare na ƙofar? Ai ba furotin guda ba ne. Ramin da kalsiyam ke bi yana cikin babban ɓangaren da ake kira alfa-1, wanda ya ratsa fatar ƙwayar jijiya sau 24, rukuni 4, kowanne da sanda 6. Ɓangaren beta na riƙe da shi ta ciki, ɓangaren alfa-2-delta ta waje. Tun 1996 aka gano cewa alfa-2-delta gabapentin ke kamawa. Ramin kuwa, gabapentin bai ko taɓa shi ba.

Dakta: Malama, da girmamawa, wannan ai gardamar suna ce. Kalsiyam ya ragu, saƙon zafi zuwa laka ya ragu, mara lafiya ya yi barci. Ko ta ina aka bi, an toshe.

Malama: Dakta, to me ya sa ba ya aiki nan take a gwaji? Idan aka zuba shi kan ƙwayar jijiya, sau da yawa kwararar kalsiyam ba ta wani sauyawa cikin mintoci. Sai ya daɗe. Ɗakin binciken Annette Dolphin a Landan ya nuna a 2008 cewa hana alfa-2-delta rako sababbin ƙofofi zuwa fatar ƙwaya yake yi. Yawan ƙofofin ke raguwa, waɗanda suka riga suka isa kuwa suna nan a buɗe.

Ɗaliba: Ni ma ina bayan Malama. In mai toshewa na gaske kuke so, ga zikonotaid, da aka kwaikwayo daga dafin wani dodon koɗin teku, amino asid 25. Shi kam bakin ramin Cav2.2, wani nau'in ƙofar kalsiyam, yake zama daram. Amurka ta amince da shi a 2004, amma sai dai a zuba shi cikin ruwan laka.

Dakta: Na ji wannan. Amma ku bayyana min dalilin da gabapentin ke taimakon mai ciwon jijiya, ya kasa taɓuka abin kirki ga wanda ya yanke yatsa yanzu.

Malama: Yawwa, ka kawo hujjata da kanka. Bayan jijiya ta ji rauni, alfa-2-delta-1, wani nau'in alfa-2-delta, ƙaruwa yake sosai a tarin ƙwayoyin ji da ke gefen laka. Sai ya yi yawa maganin ke samun abin kamawa.

Ɗalibi: To ƙofar kalsiyam nau'in Cav3.2 fa? Ita ma tana cikin jijiyoyin zafi.

Malama: Ita ba ta dogara da beta ko alfa-2-delta ba, alfa-1 kaɗai ya ishe ta aiki. Cikin nau'o'in alfa-1 guda 10, uku na dangin Cav3 haka suke.

Dakta: Ni dai a asibiti zan ci gaba da cewa yana rage shigar kalsiyam. Kalmar toshewa na janye ta.

Ɗalibi: Ni kuma jarrabawa ce gabana, kuma wanda ya rubuta takardar shi zai duba.